Shekarar da Aka Wanke Barmil a Maya

Wata safiyar Alhamis ce cikin watan Oktoba, shekarar da nake aji huɗu, muna tsakiyar darasin lissafi sai muka ji ƙarar jirgin feshi. Malaminmu bai ƙarasa abin da yake rubutawa a allo ba ajin ya watse. Mu mata muka bi ta ƙofa, maza suka dira ta taga, muka haye tudun tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga, muna tsalle muna ihu, "Tayyara! Tayyara!" Jirgin ɗan ƙarami ne, rawaya, yana tafiya ƙasa-ƙasa har muna hango kan matuƙin. A can ƙarshen gonaki wani mutum yana tsaye da tuta yana nuna masa layi. In ya kai ƙarshen layin ba ya rufe bututunsa da wuri, sai ya ratsa ta kan tur'a da kan makaranta yana jan farin hayaƙi, wani ɗan yayyafi mai sanyi ya sauko mana a fuska da hannuwa. Warinsa kamar an haɗa kananzir da tafarnuwa. Mu kuwa daɗi muke ji, har gasa muka yi, wadda ta fi jiƙa ita ce gwana. Ni na ci gasar, domin har baki na buɗe. Yau shekaruna sun haura hamsin, amma duk lokacin da na tuna da wannan buɗe baki sai in ji kamar in koma in ja kunnen yarinyar nan, in haɗa da na malamin da ya tsaya a inuwa yana kallonmu yana dariya.

Washegari Juma'a, babu makaranta. Na fita da sassafe da tulu zan ɗebo ruwa, sai na tarar tur'a ta yi fari fat. Kifi ne ko'ina, ciki a sama, karfasa manya da ƙanana, ga tarwaɗa suna juyi a hankali suna buɗe baki a saman ruwa. Kafin rana ta ɗaga gari duka ya fito, mata da kwanoni da daro, maza sun naɗe wando, yara tsirara, kowa yana kwasa yana hamdala. Na ajiye tulun, na cire ɗankwalina na cika shi. Ina cikin ɗaurewa sai na ji muryar kakata a bayana. Sunanta Tumba, mahaifiyar babanmu, amma mu jikoki Habboba muke ce mata kamar yadda kowane yaro yake kiran kakarsa da Larabcin ƙasar nan. Gajeriya ce, siririya, hannuwanta sun rine saboda jima, Hausarta kuma irin ta mutanen da, wadda iyayenta suka taho da ita daga yamma. Ta tsaya a kan tudu ta dafa sanda tana cewa, "Ku jama'a, kihin ga da kuke kwasa, mi ya kashe shi? Kun tambaya?" Can wata maƙwabciyarmu, Ladi, ta ɗago ta ce, "Arziki ne Allah ya kawo, ya Hajja," ta ci gaba da kwasa. Habboba ta sauko ta fizge ɗankwalina, ta zazzage kifin, ta tura masa ƙasa da ƙafa, ta tasa ni gaba ina kuka har gida.

Ranar gari duka ƙamshin suya yake yi, ban da gidanmu. Habboba ta rantse kifin nan ba zai shiga tukunyarta ba, kuma mahaifiyarmu ba ta iya musu da ita. Sai dai hanin bai wuce ƙofar gida ba. Baba ya ci nasa a gidan ƙanensa, Baffa Garba, mu kuma muka sulale gidan Ladi aka ba mu kawuna. Abin haushin shi ne babu abin da ya faru, ko in ce babu abin da ido zai gani. Wasu sun yi ciwon kai, wasu zawo na kwana biyu, shi ke nan. Daga nan Habboba ta zama abin zolaya. In ta wuce ta bakin masallaci sai wani ya ce, "Ya Hajja, ga mu nan dai da ranmu." Ita kuma ba ta da bakin da za ta yi musu bayani. Ba ta san sunan maganin ba, ba ta san yadda yake aiki ba. Abin da ta sani kawai shi ne abin da ya kashe tsutsa a gona, ya kashe kifi a ruwa, ba zai shiga cikin mutum ya yi masa alheri ba. A wancan lokaci ni ma ina cikin masu dariya.

Ƙauyenmu yana tsakanin Sinja da Abu Hujar. Ta gefe ɗaya tur'a ce da gonakin auduga, shimfiɗe kamar tabarma har inda ido ya tsaya, babu bishiya ko ɗaya domin an ce inuwa tana hana auduga. Ta ɗaya gefen, tsakaninmu da gulbi, akwai maya. Maya wani ƙaton kwari ne da gulbi yake cikawa in ya yi ambaliya da damina, in ya ja kuma sai ya bar ruwan a ciki wata da watanni yana ƙafewa a hankali. A cikin ruwan nan bagaruwa take tsaye, dubbai, dogaye, baƙaƙen jiki, ruwa har ƙugunsu. In sun yi fure, wurin duka sai ya zama rawaya, ƙudan zuma suna guna kamar injin niƙa daga nesa. Da yamma balbelu suna sauka har rassa su yi fari, zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ruwa, kirinjijiya suna fito, birai suna jifanmu da ɓawo in mun matsa kusa. Akwai guza, akwai kunkuru, kwaɗi kuwa in suka fara kuka sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Can muke kai awaki da rani, can muke samun ƙirare, can muke haƙar bado mu ci ɗanye har cikinmu ya kumbura. Ba mu taɓa ɗaukar wurin wani abu na musamman ba. Bayan gari ne kawai.

Habboba ce ta ɗauke shi wani abu, domin abincinta yana can. Majemiya ce, ta koyi aikin a hannun mijinta, da ya rasu kuma ta ci gaba. 'Ya'yan bagaruwa take jima da su, ta yi salkar ruwa da buzun salla, ragowar ta ba masu mura su yi hayaƙi. In lokacin zubarsu ya yi sai ta tasa mu jikoki da buhuna, mu yini muna tsinta, ƙaya tana sukarmu, ita tana biye tana faɗa. Dokokinta sun fi na makaranta yawa. Ba a kakkaɓe reshe da sanda, sai abin da ya faɗo da kansa. Ba a sare ɗanyen itace. Ba a taɓa sheƙar tsuntsu. Ba a wanki da sabulu a ruwan maya, sai a ɗebo a koma tudu. In ta kama ɗayanmu ya karya doka, ba ta duka, sai ta kama kunne ta murɗa tana cewa, "Kai ka dasa shi?" Mukan ɓoye mata mu yi carafke da 'ya'yan bagaruwar a gindin wata tsohuwar bishiya mai kogo, in mun ji sandarta tana bugun ƙasa mu tashi mu yi kamar tun ɗazu muna aiki.

Bayan an gama feshin shekarar, sanyi ya shigo, sai aka fara rabon barmil, wato gangunan ƙarfen da maganin yake zuwa a ciki. Baffa Garba shi ne mai gadin ɗakin ajiya na gonakin, saboda haka Baba ya samu ɗaya ba tare da wahala ba. Na tuna yadda ya shigo da shi yana mirgina shi da ƙafa, fuskarsa cike da murna kamar wanda ya sayo saniya. Shuɗi ne, sabo, a jikinsa an zana ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicce, ga rubutu da ja cikin harshen da babu mai karantawa a garinmu. Kada a ce Baba wawa ne. Randuna biyu gare mu, mu goma sha ɗaya a gida, mahaifiyarmu tana da tsohon ciki, ni da ita muke jigilar ruwa sau biyar a rana. Barmil ɗaya yana ɗaukar abin da ya fi randunan duka biyu. Ya kai wa maƙeri ya yanke masa saman, ya dawo ya ce in kawo ruwa da garin sabulu a wanke. Habboba ta fito daga ɗakinta, ta leƙa ciki, ta ja da baya ta toshe hanci. Baba ɗanta ne na fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai ta ce, "Kai, ko makaho ya san hoton ga ba na alheri ba ne. Ba ka wanke shi cikin gidan ga. Kaji na nan, ɗiya na nan. Hita da shi." Baba ya ce, "To, Inna," ya mirgina abinsa ya fita.

Ina ya nufa? Maya. Tur'a an rage mata ruwa a lokacin, gulbi kuma da nisa ga gangare, maya ce kusa. Da sauran magidanta suka ga ya nufi can, sai kowa ya mirgino nasa. Na bi su, ina ɗauke da sabulun, har ina alfahari. Barmil goma sha wani abu aka jera a bakin ruwa ranar. Suka shiga har gwiwa, suna cikawa suna girgizawa suna tuntsurarwa, suna goge ciki da toka da soson ciyawa, suna hira suna dariya. Ruwan da ke fitowa fari ne kamar madara, yana bazuwa a hankali tsakanin bishiyoyi. A lokacin gulbi ya daɗe da ja, maya ta rabu da shi, babu inda ruwan zai gudu. Duk abin da aka zuba, a nan zai zauna. Manyan mutane ne fa, masu gemu, waɗanda suka san lokacin shuka da na girbi, waɗanda suka ga abin da ya sami kifin tur'a watanni biyu da suka wuce. Har yau na kasa gane yadda babu ko ɗaya a cikinsu da ya tsaya ya ce, "Jama'a, anya?"

Kwana biyu bayan haka wari ya iso gari. Habboba ta ɗauki sandarta ta ce in biyo ta. Tun daga nesa na ji wani abu ya sauya, sai da muka matso na gane shiru ne. Babu kukan kwaɗo ko ɗaya. Bakin ruwa ya cika da su, sun miƙe ƙafafu, ga ƙananan kifi kamar an watsa shinkafa, ga kunkuru a kife. Balbelun da suka ci matattun kifin suna zube a gindin bishiyoyi, wasu ba su gama mutuwa ba, suna jan fiffike suna karkarwa. Mun ga guza ɗaya, wuyansa a miƙe, ƙudaje sun rufe masa ido. Awakin Baffa Garba uku da suka sha ruwan sun kwana sun mutu, bakinsu duk kumfa. Habboba ta juyo wurina. Ta tambaye ni abin da ya faru, na gaya mata, har da cewa ni na riƙe sabulu. Ina jiran ta murɗe mini kunne, sai na ga ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu a ka. Ta ce, "Ni na kore shi da shi. Da na bari ya wanke a gida, da kaji kaɗai munka rasa." Wannan ne karo na farko da na ga hawayenta, kuma ba hawayen tausayi ba ne, na takaici ne, irin wanda mutum yake yi in ya rasa wanda zai mara.

A gari kuwa awakin kawai aka yi wa jaje. Maza suka je gidan Baffa Garba suka ce Allah ya mayar da alheri. Kwaɗi da tsuntsaye babu wanda ya ambace su, wani ma cewa ya yi an huta da hayaniya. Da aka ɗan jima sauro ya yi yawan da ba a taɓa gani ba a irin wannan lokaci, zazzaɓi ya bi gida-gida. Habboba ta ce ai masu cin ƙwan sauron ne aka kashe, aka ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Barmil ɗinmu kuwa ya dawo gida yana ƙyalli, aka kafa shi a gindin rumfa. Yarjejeniyar da aka yi ita ce ruwansa na wanki ne da wanka kawai, ba na sha ba. Habboba ba ta yarda ba, amma an fi ta yawa. Ta ɗauke randarta ta kai ɗakinta, ta daina bi ta gefen rumfar gaba ɗaya.

Laifin da ya biyo baya nawa ne, ba na raba shi da kowa. Wata rana da azahar, zafi ya fara, manya suna wajen tsintar auduga, muna wasan ɓuya da yaran maƙwabta. Ƙanwata Zainabu, shekararta huɗu, ta nace sai na ɓoye ta inda ba za a same ta ba. Na leƙa barmil na ga ruwan ya kusa ƙarewa, bai wuce idon sawu ba. Na ɗaga ta na saka ta a ciki, na rufe da faifai, na ce kada ta yi motsi. Sai wasan ya sauya, aka koma 'yar gala-gala a ƙofar gida, ni kuwa na manta da ita sam. Ban san tsawon lokacin da ta yi a ciki ba. Habboba ce ta dawo daga majema ta ce, "Kulu, ina Abu?" Na ruga na ɗaga faifan. Tana zaune ta jingina kai da ƙarfe, jikinta sharkaf da gumi, yawu yana zuba daga bakinta, fatar hannunta tana rawa kamar ta doki in ƙuda ya sauka. Ƙishi ya kama ta, ta yi ta shan ruwan gindin da hannu. Duk wankin da aka yi a maya bai fitar da abin da ya maƙale a haɗin ƙarfen ba.

Habboba ba ta yi ihu ba. Ta ciro ta, ta tuɓe ta, ta kwarara mata ruwan randarta, ta goya ta, tsohuwar da da kyar take ɗaukar buhu. Ta ce in ruga gona in kira Baba. A karo, amalanken jaki, aka kai su bakin hanya, daga nan wata motar kaya ta ɗauke su zuwa asibitin Sinja. Ni aka bar ni a gida, na shige bayan rumbu na ƙi fitowa, na ƙi cin abinci, ina jiran a zo a ce ta mutu. Kwana biyar suka yi. Baba ya ba da labari daga baya cewa likitan yana buɗe idonta ya ga baƙin ya tsuke kamar ƙwayar gero, bai tambayi komai ba sai, "A me kuke ajiye ruwa?" Ashe ba ita ce ta farko ba a shekarar, ba kuma daga ƙauyenmu kaɗai ba. Zainabu ta rayu. Ta dawo a rame, ta daɗe ƙirjinta yana kuka in ta yi gudu. Babu wanda ya doke ni. Da an doke ni da na fi samun sauƙi.

Ranar da suka dawo, Habboba ko tufafi ba ta sauya ba ta ɗauki gatari. Ta kwantar da barmil a tsakar gida ta yi ta sara, ƙarar tana kaiwa har masallaci. Baba yana zaune a bakin gado yana kallo. Sai da ta yi masa huda bakwai ko takwas, numfashinta ya ƙare, sannan ta sa aka mirgina shi bayan gari aka jefa a rami. Na ɗauka magana ta ƙare. Bayan sati ɗaya aka aike ni gidan Ladi, maƙwabciyar nan mai cewa arziki ne. Me zan gani? Barmil ɗinmu. Mijinta ya ciro shi daga ramin, ya raba shi biyu, ya liƙe hudojin da kwalta. Rabi ya zama kwamin tumaki, ɗaya rabin kuwa dawa aka zuba a ciki, dawar da za su ci. Ladi ta ga ina kallo, ta ce, "Ai ruwa ne ba ya so. Hatsi busasshe ne, ba komai." Wannan mata fa ita ta riƙe mahaifiyarmu ranar da aka fita da Zainabu.

Da na gaya wa Habboba, ta yi abin da mace ba ta yi a garinmu. Bayan sallar Juma'a ta je ta tsaya a gaban maza a bakin masallaci, ta yi sallama, ta ce da shehin gari, wato dagacinmu, tana da magana. Ta faɗi ta kifi, ta faɗi ta maya, ta faɗi ta jikarta, ta ce, "Kun ce ba ku mutu ba. To sai wa ya mutu za ku ji? Ku hwaɗa mini sunanai in sani." Baffa Garba ya sunkuyar da kai. Shehin ya ce gaskiya ta faɗa, aka yanke cewa daga ranar ba a wanke barmil a maya, ba a kuma zuba abin ci ko na sha a ciki. Aka shafa fatiha. Rabin dokar na farko ya zauna, domin ita da kanta ta zama mai gadin wurin, da sandarta da bakinta, kuma babu mai son ta tsine masa a gaban 'ya'yansa. Rabi na biyu kuwa ko shekara bai yi ba. Sai dai aka koyi shafa wa hoton ƙoƙon kan fenti.

Da damina ta dawo gulbi ya cika, ya shiga maya ya wanke ta. Kwaɗi suka dawo, ba kamar da ba amma suka dawo, balbelu ma haka. Mutane suka ce, "Kun gani? Gulbi yana wanke komai." Wannan magana ta fi komai ɓata wa Habboba rai, domin ta san sun samu hujjar sake yi. A shekarar ce ta fito da sabon aiki. Ta tara 'ya'yan bagaruwa, ta ba awakinmu suka ci, ta sa mu tsince ƙwayoyin daga kashinsu, wai sun fi saurin tsiro. Mun yi ƙorafi har muka gaji. Da ruwa ya fara ja, ta kai mu gefen kudu na maya inda masu gawayi suka taɓa yin sara, muka shiga taɓo har cinya muna watsa iri, ita tana kan tudu tana nuna mana inda muka tsallake. Shekara huɗu muna yi. Kafin in gama sakandare wurin ya zama kurmi, sai an sunkuya ake shiga. Ta rasu ina makarantar horon malamai, aka aiko mini bayan an rufe ta.

Na yi shekaru ina koyarwa a Sinja. Kowace shekara in an zo darasin muhalli nakan ba ɗalibaina labarin nan, su yi tsit, su rubuta, su ci jarrabawa, in an tashi su jefar da ledar abincinsu a bakin ƙofa. Da yaƙin basasa ya iso mu muka watse kamar kowa, ni da 'ya'yana muka yi gudun hijira. Da abubuwa suka lafa na dawo, na ce bari in je ƙauye in ga wanda ya rage. Na sauka daga mota na nufi bayan gari kafin ma in shiga gida. Daga inda makarantarmu take yanzu ana hango gulbi, abin da ba a taɓa yi ba, domin babu abin da ya tare. Kututture ne jere har inda ido ya tsaya, tsakaninsu tarin ƙasa baƙaƙe suna fitar da hayaƙi. Ɗan ruwan da ya rage kore ne, leda ta rufe bakinsa. Gas ya ɓace lokacin yaƙi, gonaki sun tsaya, gari da birni kowa ya koma gawayi, gawayin bagaruwa kuwa shi ya fi daɗewa a murhu. Gefen kudu aka fara sarewa, domin bishiyoyinsa sun fi miƙewa.

Na shiga gidan Zainabu raina a ɓace, na tarar da buhuna jingine har saman katanga. Mijinta ne yake sara yana ƙonawa, ita tana sayarwa. Ban ko zauna ba na fara. Na yi faɗa kamar ina gaban aji, na kira sunan Habboba, na tuna mata taɓon da muka shiga, na ce ita da ta fi kowa sanin abin da ganganci yake jawowa. Ta bar ni na gama, tana ta juya kisra, wainar dawa marar kauri, a kan tanda. Sannan ta ce, "Yaya Kulu, wata tara muka yi babu albashi, babu gona, babu hanya. Yara shida, ga marayun Baffa. Ke a can da kika gudu, da me kika dafa?" Da gawayi na dafa, kullum, kuma ban taɓa tambayar mai sayarwa daga ina yake ba.

Na kwana biyu a wurinta. Jikokinta suna wasa a tsakar gida da Larabci, ba su san bayan garin nan ya taɓa yin inuwar da mutum zai yini a ciki bai ga rana ba, kuma ban ga amfanin gaya musu ba. A da muna da abin, ba mu san darajarsa ba, amma akwai tsohuwa ɗaya mai sanda da ake jin tsoro. Yanzu duk mun sani, har a littafi mun rubuta, sai dai babu wanda hannunsa yake da tsabtar da zai ɗaga sandar. Da zan tafi, mijin Zainabu ya ɗauko buhu ɗaya ya ɗora mini a saman mota, ya ce tsaraba ce, Sinja gawayi ya yi tsada. Na tsaya ina kallon buhun har direba ya fara ɗaure shi da igiya.

Ban ce a sauke ba.